Injin Yankan Ciyawa: Haɗarinsa Daga Wurin Ɗauri Yake Farawa

Daga Wakilinmu

Daga watan Yuli zuwa ƙarshen Satumba, lokacin da ruwa ya kankama a ƙasar Zazzau, da wuya a sami shugaban makaranta ko sakataren ofis a yankin Ikara da Makarfi da Kudan wanda ciyawa ba ta hana shi sakat ba. Filin da aka share yau, kafin mako biyu harkiya da kyasuwa sun sake rufe shi, ga sauro, ga tsoron maciji a bayan ɗakunan kwanan ɗalibai. A shekarun baya maganin abin ɗaya ne, wato a kaɗa ƙararrawa a raba wa yara langa-langa. Har yanzu ana yin haka a wurare da yawa, amma sannu a hankali inji yana karɓar aikin, kuma da shi wata sabuwar matsala ta zo wadda langa-langa ba ta da ita.

Injin iri biyu ne. Akwai ƙarami wanda mutum yake hawa ya zauna kamar a mota, wuƙaƙen suna ƙarƙashin cikinsa. Wannan an fi ganinsa a manyan makarantu da asibitoci da filayen wasa. A ƙauyuka irin su Furana kuwa, wanda aka fi sani shi ne babban da ake rataya wa tarakta a baya don share saura, ko sassabe karan masara da dawa bayan girbi. Duk biyun gininsu ɗaya ne: wani kasko ne na ƙarfe a kife, wuƙaƙe suna juyawa a cikinsa. Wannan kasko ana cire shi ana mayarwa, ko don wasa wuƙa, ko don canza bel, ko don a ɗaura wa taraktar garma. To, a wurin mayarwar nan ne ake shuka yawancin haɗarin da daga baya za a ce tsautsayi ne.

Ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake yanka. Injin farko da wani Bature mai suna Edwin Budding ya ƙera a Ingila a 1830 yana datse ciyawa ne kamar almakashi. Na yanzu ba haka yake ba, da ƙarfin gudu yake yanka. Bakin wuƙar yakan yi gudun da ya kai kilomita 300 a sa'a guda, wato ya ninka gudun motar haya a kan hanyar Zariya zuwa Kano har sau uku. Duk abin da wuƙar ta tarar, tsakuwar marmara ce, ko guntun waya, ko fasasshiyar kwalba, da irin wannan gudu za ta jefa shi. Saboda haka kaskon ba ado ba ne, shi ne katangar da ke tsakanin wuƙa da jama'a.

Kafin a taɓa ƙarfe

Aikin ɗauri a kan daɓe ko ƙasa mai tauri wadda ta daidaita ake yinsa, ba a gindin mangwaro mai gangare ba. A ja birki, a kashe inji, a zare mabuɗi a sa aljihu, sannan a cire wayar fulogi, in kuwa injin na gas ne a kwance kan batir. Dalilin cire fulogi shi ne, juya wuƙa da hannu yana iya juya injin, haka kuma ba a rasa yaron shago mai ƙaiƙayin hannu da zai murɗa mabuɗi alhali maigidansa yana kwance a ƙasa. In za a ɗaga kasko a shiga ƙarƙashinsa, a tokare shi da gungumen itace mai ƙwari. Jak ko ƙarfin man tarakta ba abin da mutum zai ba amanar ƙirjinsa ba ne, domin tiyo ɗaya in ya fashe, kaskon da ya fi buhun masara biyu nauyi zai sauko nan take.

A ƙaramin injin, ana tura kaskon ne ta gefe ya shiga tsakanin tayoyi, a rataye shi da hannuwan ƙarfe na gaba da na baya, kowane da sakatarsa da ɗan makullin da ke hana sakatar zamewa. Waɗannan ƙananan makullai su ne suka fi ɓacewa cikin ƙura, kuma su ne aka fi maye gurbinsu da ƙusa ko wayar ɗaure kaya. Ƙusa takan yi kwana biyu tana riƙe, ranar da girgiza ta tsinke ta sai gefe ɗaya na kaskon ya faɗi, wuƙa ta haƙi ƙasa tana cikin gudu.

Daga nan sai bel. Kamfanoni sukan manna zanen hanyar da bel yake bi a jikin kaskon, kuma dole a bi zanen nan daidai, don bel ɗin da ya karkace ko ya hau bayan ƙarfen da ke tsare shi, cikin 'yan mintoci zai yi zafi ya tsinke. Sifirin ɗin da ke ɗame shi yana da ƙarfi ƙwarai, da ƙugiya ake jansa, ba da yatsu ba. In an gama, a mayar da murfin da ke rufe bel da fuli. Makanikai da yawa ba su son mayar da shi, wai don gobe ma za a sake buɗewa, kuma a nan ne igiyar takalmi ko bakin wando ke samun hanyar shiga.

Wuƙar kanta tana da sama da ƙasa. Gefen da aka tanƙwara kamar fiffike shi ke duban cikin kaskon, don shi ne ke zuƙo ciyawa ta miƙe tsaye kafin a yanke ta. In aka kife ta, inji zai yi ta dukan ciyawa ba yanka. Bayan an wasa ta, a rataye ta a kan ƙusa ta ramin tsakiya. In gefe ɗaya ya rinjaya, a ƙara goge wannan gefen har ta tsaya daidai, in ba haka ba girgiza za ta cinye boris ta kwance noti. Wuƙar da ta tsage ko ta lanƙwashe kuwa, jefar da ita ake yi. Mun san kuɗin sabuwa ba kaɗan ba ne, mun kuma san mai walda yana nan kusa a bakin kasuwa, amma ƙarfen wuƙa an ƙona shi ne ya yi tauri, wutar walda kuma tana sa shi gautsi a daidai wurin ɗinkin. Guntun da ya ɓalle daga irin wannan wuƙa yana iya huda kaskon ya fita.

Abu na ƙarshe shi ne daidaita tsayi. A fara gwada iskar tayoyi, domin taya ɗaya mai ƙarancin iska ta isa ta karkatar da kaskon duka. Sannan a auna daga bakin wuƙa zuwa ƙasa, hagu da dama su zo ɗaya, gaba kuma ya ɗan fi baya sauka da kamar milimita 3 zuwa 6, don kada wuƙa ta yanki ciyawa sau biyu ta wahalar da inji.

Sanda mai juyawa

Na tarakta yana da wani haɗari nasa na daban, kuma shi ya fi kowanne muni. Ana rataye shi ne a hannuwa ukun nan na baya, tsarin da Harry Ferguson ya ƙirƙiro, ƙarfin juya wuƙa kuma yana zuwa ta wata sandar ƙarfe da ke fitowa daga bayan taraktar. Sandar nan tana juyawa sau 540 a minti ɗaya, wato sau 9 a kowace daƙiƙa. In kaurinta ya kai inci 3, tana iya naɗe tufa mai tsawon kusan mita 2 a daƙiƙa guda. Mutum bai gama gane cewa an kama shi ba, rigar ta ƙare, saura jiki.

A nan ne ya kamata mu dubi irin suturarmu. Littattafan da kamfanonin Turai da Amurka suke bugawa suna gargaɗi a kan igiyar takalmi da hannun riga, amma ba su san babbar riga ba, ba su san jelar rawani ba. Duk wanda zai kusanci bayan tarakta, direba ne ko mai gona da ya zo duba aiki, ya tuɓe babbar riga ya ajiye can nesa. Sandar tana zuwa da rigar roba wadda ke tsayawa cik yayin da ƙarfen ke juyawa a ciki, da 'yar sarƙa da ke riƙe ta. Kowa ya zaga wuraren gyaran tarakta zai ga yadda ake aiki da sanduna tsirara, robar ta fashe tun tuni ba a sake sayen wata ba. Tsallake irin wannan sanda don gajarta hanya, maimakon zagayawa ta gaban tarakta, ganganci ne tsantsa.

Akwai kuma wani noti da aka yi shi da ƙarfe mai taushi da gangan, don ya karye in wuƙa ta daki kututture, ya ceci giya. In ya yawaita karyewa sai a ga an sa noti mai tauri ko guntun rodi a gurbinsa. Daga ranar, duk dukan da wuƙa ta yi, giya da sanda ne za su sha shi. Har ila yau, tun zamanin shirin Ciyar da Ƙasa na 1976 da Juyin Noma na 1980, lokacin da ake harhaɗa Steyr a Bauci da Fiat a Kano, tsofaffin taraktoci iri-iri suka bazu a ƙasar nan, kuma a wasu daga cikinsu sandar a haɗe take da giyar tafiya. A irin waɗannan, ko direba ya taka kuloci, nauyin wuƙaƙen da ke juyawa zai ci gaba da tura taraktar gaba, har ta faɗa rami ko ta daki katanga. Akwai ɗan ƙarfe da ake sawa a bakin sandar mai barin ta ta juya gefe ɗaya kawai, kuma bai kamata a ɗaura kasko a irin wannan tarakta ba sai da shi.

A kan fili

Kafin a tayar da inji, a taka filin da ƙafa. A filin makaranta abin da aka fi tararwa shi ne duwatsun da yara suke ajiyewa a matsayin ragar ƙwallo, sai turken awaki, da ragowar bulo, da suri da ciyawa ta rufe. A fadamun da ake noman rake da tumatir kuwa, akwai ƙananan rijiyoyin ban ruwa da bakinsu ke ɓuya da damina. Wasu masu ƙera kaskon tarakta suna neman a nisanta mutane da dabbobi har mita 90, wato kusan tsawon filin ƙwallo. Ma'anar wannan ita ce ba a yankan ciyawar makaranta lokacin tara ko lokacin tashi, kuma bakin da ciyawa ke fita ta cikinsa kada ya dubi tagogin aji ko hanya. Marfin da ke kan wannan baki yana karkatar da abin da aka jefo zuwa ƙasa ne. Masu ɗaure shi sama da igiya don ciyawa ta fi saurin fita sun buɗe bakin bindiga.

Ƙarƙashin kujerar ƙaramin injin akwai wani makunni da ke kashe wuƙaƙe da zarar direba ya tashi. In ya fara ba da wahala, abin da aka saba yi shi ne a haɗe wayoyinsa biyu a huta. Daga nan direba yana iya sauka ya sa hannu ya cire ciyawar da ta toshe alhali wuƙa tana gudu. Ko an kashe inji ma, wuƙar takan ɗauki 'yan daƙiƙoƙi kafin ta tsaya, ta tarakta kuwa ta fi haka jimawa. A jira sai ƙara ta ɗauke ɗif, sannan a yi amfani da sanda.

Kujera ɗaya ce, saboda haka mutum ɗaya ne. Ɗaukar yaro a cinya don a faranta masa rai yana da illa biyu: yana iya zamewa, sannan gobe in ya ji ƙarar injin da gudu zai taho ta baya, inda direba ba ya gani. Kada a yi ribas wuƙa tana juyawa. Gangaren da ya wuce digiri 15, da bakin lambatu da gefen kwalbati, a bar wa lauje. Ƙarfen nan mai kama da ƙofa da ke bayan kujera, wanda ƙasar Suwidin ta fara wajabta shi a kan sababbin taraktoci a 1959, shi ke hana inji danne direba in ya kife, muddin ya ɗaura bel ɗin kujera. A nan kuwa wasu kwance shi suke yi don su wuce ƙarƙashin itatuwa. Mai kuma ba a zuba shi sai inji ya huce, kuma da kaka a riƙa kakkaɓe busasshiyar ciyawa daga kan kasko da salansa, don tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye gonar maƙwabci da ba a girbe ba.

Alhakin wa?

Galibi laifi a kan direba ake ɗora shi, amma a ganinmu rabin alhakin yana kan teburin jami'in da ya sa hannu aka sayo injin. Yawancin waɗannan injuna na hannu ne, sukan iso ba littafi, ba murfi, wani lokaci ma kaskon na wani inji ne daban aka yi masa dabara. Jami'in sito yana da ikon ya ƙi karɓar kaya sai da littafinsu da murafensu cikakku. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, amma diyya ba ta mayar da yatsu. Kamata ya yi kowace ma'aikata ta ware mutum ɗaya da mataimakinsa, a koya musu aikin sosai, a hana kowa taɓa mabuɗi in ba su ba. Masana injunan gona ba su yi nisa ba, suna nan Samaru, a Cibiyar Binciken Aikin Gona da Kwalejin Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello.

Saura magana ɗaya da babu littafin kamfanin da ya ambata. A wurinmu ciyawa dukiya ce, musamman ga masu turke tumaki. Da zarar inji ya fara aiki za a ga yara da buhuna suna bin sa a baya suna rige-rigen kwasa, kowa yana so ya fi kusa. Kora ba ta hana su dawowa. Abin da ya fi shi ne maigadi ya tsayar da su a bakin ƙofa, a gaya musu ciyawar tasu ce kyauta, amma sai an kashe inji an zare mabuɗi za a buɗe musu su shiga.