Matsalar Kalmar "Tauraro" Wajen Koyar da Ilmin Falaki da Hausa

Abu na farko da ɗalibin ilmin falaki yake cin karo da shi a jami'a shi ne cewa Rana tauraruwa ce, Zara kuwa ba tauraruwa ba ce. Wannan magana ba ta shiga kunnen Bahaushe da sauƙi, domin a wurinsa duk abin da ya ƙyalla a sama da dare, in ba wata ba, tauraro ne.

A wurin masana falaki, tauraro shi ne wanda yake samar da haskensa da kansa. Zara kuwa aron haske take yi daga Rana, wadda take kewayawa cikin kwana 225. Hasali ma ita ce Gamzaki: idan ta bayyana a yamma bayan faɗuwar rana a ce Zara, idan ta fito a gabas da asuba a ce Gamzaki. Malaman zaure suna kiranta Zuhura.

To, me za a kira ire-irenta? Masu fassarar labarai sun zaɓi "duniya", kamar a "duniyar Mas". Kalmar tana da nata nauyin, tunda ita ce kishiyar lahira, amma a ganina ta fi dacewa da aji. Da ita malami zai iya bayyana yadda duniyoyi tara suka koma takwas a 2006, lokacin da aka cire Fuluto, ba tare da ɗalibi ya ɗauka wani tauraro ne ya faɗo ba.