HAYAƘI MUGUN BAƘO NE A ƊAKIN YARO

Uwargida, ki saurara!

Hayaƙin kwal, da na gawayi, da na itace, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Akwai ƙura mai laushi a cikinsu wadda ido ba ya gani. Ita ke shiga ƙirjin yaro ta kawo tari da ciwon huhu.

A watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal ya rufe birnin Landan kwana 5, mutum fiye da 4,000 suka mutu. A 1956 hukumar ƙasar ta kafa dokar rage hayaƙi. To, a gidanki ke ce hukuma:

1. Ki yi girki a fili, ko ki buɗe taga.
2. Ki sauke goyo kafin ki hura wuta.
3. Ki nemi busasshen itace, ɗanye ya fi hayaƙi.
4. Da hunturu kada a kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki. Garwashi yana fid da iska mai guba marar wari, tana kisa cikin barci.

In yaro yana tari, yana numfashi da sauri, ko ƙirjinsa yana lotsawa, kawo shi asibiti yau, kada ki bari sai gobe.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Ma'aikatar Lafiya ta Jiha