Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Halin Da Dam Ɗin Wasai Ke Ciki

Wanda ya tsaya a bakin dam ɗin Wasai, cikin ƙaramar hukumar Minjibir ta Jihar Kano, zai ga ruwa shimfiɗe kamar ba abin da ke damunsa. Amma masana sun ce ba a sama ake gane lafiyar ruwa ba, sai an damƙo laka daga ƙasa an duba abin da ke raye a ciki.

An gina dam ɗin a shekarar 1976 a kan kogin Jakara. Shi kuwa Jakara daga cikin birnin Kano yake fitowa, yana kwasar ruwan kwata, da bola, da jinin mayanka. Kafin ya kai Wasai sai ya haɗu da rafin Getsi, wanda ke ɗauko dagwalon masana'antun Bompai, har da na jima, inda ake aiki da sinadarin kuromiyam. Duk wannan kaya a dam ɗin yake kwanta.

To, a cikin lakar nan akwai ƙananan halittu, watau tsutsotsi, da katantanwa, da 'ya'yan ƙwari irin su mazari. Su ne abincin tarwaɗa da kurungu, su ne kuma ke cinye ruɓaɓɓen ganye. Da yake ba su iya gudu kamar kifi, duk abin da aka zuba a ruwa a kansu yake ƙarewa.

Ga yadda ɓarnar take aukuwa. Idan ƙazanta ta taru ta fara ruɓa, sai ta shanye iskar oksijin da ke cikin ruwa. Halittu marasa juriya su ke fara mutuwa, a bar jar tsutsa, wadda ke jure ƙarancin iska, da katantanwa mai tasowa sama ta shaƙa. Abin baƙin ciki kuwa, cikin irin wannan katantanwa akwai mai ɗauke da cutar tsargiya, wadda ke kama masunta da yara masu wanka.

Ƙarafa masu guba kuma ba su ruɓewa. Tsutsa ta ci laka, kifi ya ci tsutsa, mutum ya ci kifi. Har ila yau da ruwan Jakara ake ban ruwan latas da kabeji da ake kai wa kasuwa.

Ba doka aka rasa ba. Bayan da aka gano sharar guba da aka jibge a garin Koko a 1988, Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar FEPA, sa'an nan a 2007 aka kafa NESREA. Abin da ya rage shi ne a tilasta wa kowace masana'anta ta tace ruwanta kafin ta sake shi, jama'a kuma su daina mai da magudana juji. Gama abin da aka zuba a kwata da safe, wata rana a akushi za a same shi.