Rafik Hariri: Ɗan Kwangilar da Ya Karɓi Aikin Gina Labanan

Shirinmu na musamman a yau zai kai mu ƙasar Labanan, wadda mutanenta ba baƙi ba ne a wajenmu, domin Kwarori sun daɗe suna kasuwanci a Kano da sauran biranenmu. Za mu bi sawun Rafik Hariri, ɗan talakawan da ya zama hamshaƙin attajiri, ya zama manzon sulhu, sannan ya riƙe kujerar firaminista har kusan shekara 10. Tambayar da za ta raka mu ita ce: wanda ya iya riƙon kamfani, lalle ne ya iya riƙon ƙasa? Sai a gyara zama.

(KIƊA)

An haifi Rafik Hariri a shekarar 1944 a Saida, wani tsohon gari da ke bakin teku a kudancin Labanan, a gidan Musulmi 'yan Sunni masu rufin asiri. Ya yi karatun akanta a Jami'ar Larabawa ta Beirut. A tsakiyar shekarun 1960 ya bi sahun samarin ƙasarsa masu tafiya ci-rani, ya sauka Saudiyya. Da koyarwa ya fara, daga nan ya koma riƙe wa wani kamfani lissafi, kafin ya buɗe ɗan ƙaramin kamfaninsa na gine-gine, yana karɓar guntun aiki daga hannun manyan 'yan kwangila.

Ƙofar arziki ta buɗe masa a 1977. Gidan sarautar Saudiyya, a zamanin Sarki Khalid, na son a gina babban otal a Ɗa'if cikin gaggawa, wa'adin kuwa gajere ne ƙwarai. Hariri ya ce zai iya. Ya haɗa gwiwa da wani kamfanin Faransa mai suna Oger, aka riƙa aiki dare da rana, kafin shekara ta zagayo ya miƙa makulli. Abin da ya samu a wannan aiki ya fi kuɗi, domin yarda ya samu. A 1978 aka ba shi takardar zama ɗan Saudiyya, alfarmar da ba kasafai ake yi wa baƙo ba. Ya kafa Saudi Oger, daga baya ma ya saye uwar kamfanin ta Faransa, kwangilolin fadoji da asibitoci suka yi ta zuwa hannunsa.

Yana can yana gini, gida kuwa ana rushewa. Tun 1975 yaƙin basasa ya ɓarke a Labanan, yaƙin da ya ɗauki shekara 15, ya ci rayuka sama da 100,000. Hariri bai kafa rundunar 'yan bindiga ba kamar yadda manyan ƙasar da dama suka yi. A 1979 ya kafa gidauniyar ilimi, wadda a tsawon shekaru ta ɗauki nauyin karatun ɗalibai sama da 30,000 a jami'o'in gida da na Turai da Amurka, Musulmi da Kirista. A daidai lokacin da ake miƙa wa saurayi bindiga a shingen unguwa, shi tikitin jirgi da kuɗin makaranta yake miƙa masa. Bayan mamayar da Isra'ila ta yi a 1982, ya turo katafilolin kamfaninsa da manyan motoci suka kwashe ɓaraguzai daga titunan Beirut.

Ta wannan hanya ya shiga diflomasiyya, ba tare da ya taɓa zama a makarantar horar da jakadu ba. Sarki Fahd ya mayar da shi ɗan aikensa a rikicin Labanan. Yau yana Riyad, gobe yana Dimashƙ, jibi yana Beirut. Da shi aka shirya zaman sulhu na Geneva a 1983 da na Lausanne a 1984, waɗanda ba su kashe wutar ba, amma sun sa maƙiya sun zauna a ɗaki ɗaya. Abin da kasuwa ta koya masa shi ya yi masa rana: ya san ba a rufe ƙofa ga kowa, ya san kowane mai taurin kai akwai abin da yake tsoron rasawa, ya kuma san ciniki ba ya faɗawa sai kowa ya tashi da wani abu a hannu.

A ƙarshen Satumban 1989 aka kwashi 'yan majalisar Labanan 62, daga cikin ragowar waɗanda aka zaɓa tun 1972, aka kai su Ɗa'if, garin da sunan Hariri ya fara fitowa. Saudiyya da Maroko da Aljeriya ne suka tsaya a kan zaman, Lakhdar Brahimi ɗan Aljeriya na kai-komo, Hariri kuma na bayan fage yana lallashi. Ranar 22 ga Oktoba aka cim ma matsaya. Kujerun majalisa, da a da Kirista ke da 6 Musulmi 5, aka raba su daidai wa daida. Aka rage ikon shugaban ƙasa, wanda bisa al'ada Kirista ne, aka ƙara wa majalisar ministoci ƙarfi a ƙarƙashin firaminista ɗan Sunni, shugabancin majalisar dokoki kuma ya ci gaba da zama a hannun ɗan Shi'a. Yarjejeniyar Ɗa'if ta tsayar da zubar da jini. Sai dai ta bar sojojin Siriya a cikin ƙasar, ta kuma bar rabon muƙamai bisa addini da ɗariƙa, kuma waɗannan biyun su ne za su ɗaure wa Hariri hannu daga baya.

(KIƊA)

A 1992 kuɗin ƙasar, lira, ya faɗi warwas, tsadar rayuwa ta fito da mutane kan titi, gwamnatin Umar Karami ta rushe. A watan Oktoba aka naɗa Hariri firaminista. Sunansa kaɗai ya kwantar wa 'yan kasuwa hankali, lira ta fara farfaɗowa, daga baya aka ɗaure ta a kan kusan 1,500 a dala ɗaya. Ya tunkari ƙasar yadda ya saba tunkarar filin aiki. Aka sabunta filin jirgin sama, aka shimfiɗa manyan hanyoyi, aka gyara layukan tarho, aka sake gina babban filin wasanni.

Aikin da ya fi jawo magana shi ne na tsakiyar birnin Beirut, inda yaƙi ya fi yin ɓarna. A 1994 aka kafa kamfanin Solidere, doka ta ba shi ikon karɓe filaye da gine-ginen wurin baki ɗaya. Mutumin da ya gaji kanti a tsohuwar kasuwa, aka karɓi kantin aka ba shi takardar hannun jari. Da yawa sun yi kukan cewa an yi wa dukiyarsu ƙiyasi na wulaƙanci. Unguwar ta tashi gwanin sha'awa, da duwatsu sassaƙaƙƙu da shagunan alfarma, amma mai sayar da yadi da mai gyaran takalmin da suka raya ta a da, kuɗin haya ya fi ƙarfinsu. Ga kuma babban abin dubawa: firaministan da gwamnatinsa ke sa ido a kan aikin yana cikin manyan masu hannun jari a kamfanin. Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa. Ko da niyyar mutum fara ce tas, idan shi ne mai bayar da kwangila shi ne kuma mai cin ribarta, ya buɗe ƙofar zargi da hannunsa.

Sai maganar bashi. Gwamnati ta riƙa ranto kuɗi daga bankunan cikin gida da ruwa mai tsada, har akwai lokacin da ruwan ya haura kashi 30 cikin 100. Lissafin Hariri shi ne za a yi sulhu tsakanin Larabawa da Isra'ila nan kusa, Beirut ta koma cibiyar kuɗi da yawon buɗe ido, bashin ya biya kansa. Sulhun bai zo ba. Bashin da bai wuce kusan dala biliyan 3 ba lokacin da ya hau, ya zarce biliyan 30 a 2004. Ba shi kaɗai ya tara shi ba, domin tsofaffin shugabannin 'yan bindiga da suka zama ministoci kowa ya riƙe ma'aikatarsa yana ɗiba, shi kuma ya zaɓi tafiya da su don aiki ya ci gaba. A nan ɗan kasuwa ya gamu da iyakarsa. A kamfani, manajan da ya ci amana sallamarsa ake yi. A gwamnatin haɗaka, sallamar minista ɗaya na iya tayar da ɗariƙa guda.

A fagen diflomasiyya kuwa hannunsa bai taɓa sanyi ba. A Afrilun 1996, lokacin da Isra'ila ta yi wa kudancin ƙasar ruwan wuta, aka kashe fararen hula sama da 100 a sansanin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Ƙana, Hariri ya yi ta zagayen manyan biranen duniya har aka samu fahimtar juna da ta haramta kai wa fararen hula hari. Ya sauka a 1998 da hawan Shugaba Emile Lahoud, ya dawo a 2000 bayan ya lashe zaɓe. A Nuwamban 2002, da taimakon amininsa Shugaba Jacques Chirac na Faransa, ya tara ƙasashe a Paris suka yi wa Labanan alkawarin sama da dala biliyan 4.

Ƙarshen tafiyar ya fara ne a Satumban 2004, sa'ad da Siriya ta matsa sai an ƙara wa Lahoud shekara 3, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya fitar da ƙuduri mai lamba 1559 yana neman sojojin waje su fice. Hariri ya kaɗa ƙuri'ar ƙarin wa'adin ba da son ransa ba, a watan Oktoba ya ajiye aiki, ya fara matsawa kusa da 'yan adawa.

Ranar 14 ga Fabrairun 2005 ya fito daga majalisa, ya tsaya a wani gidan shan gahawa da ke daura da ita ya yi hira da 'yan jarida, sannan ya shiga motarsa, shi da kansa yake tuƙi. Ayarin na isa kusa da otal ɗin St George a bakin teku, gab da ƙarfe ɗaya na rana, wata motar ɗaukar kaya maƙare da bam ta tashi. Mutum 22 suka rasu har da shi. Aka binne shi a gefen masallacin Muhammad Al-Amin, wanda da kuɗinsa aka gina. Jama'a suka cika tituna, kafin ƙarshen Afrilu sojojin Siriya sun fice bayan shekara 29. A 2020 kotun musamman da Majalisar Ɗinkin Duniya ta mara wa baya ta sami Salim Ayyash, ɗan ƙungiyar Hizbullah, da laifi a bayan idonsa. Ƙungiyar ta musanta hannu a kisan.

Masu sauraro, tarihi bai gama hukunci a kan Hariri ba. Kamfanin Saudi Oger ya rufe a 2017. A 2019 tsarin bashi da ɗaure lira ya ruguje, bankuna suka riƙe ajiyar mutane, a 2020 ƙasar ta kasa biyan masu binta. Amma Yarjejeniyar Ɗa'if na nan, likitoci da injiniyoyin da ya karantar suna nan suna aiki. Abin da ya yi da aljihunsa da kuma bakinsa na sulhu ya fi daɗewa a kan abin da ya gina da bashin ƙasa.

Saboda haka duk attajirin da ya fito neman mulki, a ko'ina yake, hakkin jama'a ne su tambaye shi abu uku: ya raba kasuwancinsa da baitulmali? Wa zai biya bashin ayyukan da yake alkawari? Talakan da za a tasa daga wurin sana'arsa, ina za a kai shi? Cika alkawari da saurin aiki alheri ne babba a wajen shugaba, amma sai an haɗa su da hukumomi masu ƙarfin da za su iya ce masa a'a.

A nan muka kawo ƙarshen shirin namu na yau. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya zaunar da Labanan da ƙasashenmu lafiya. Sai wani makon idan Allah Ya kai mu. Mu kwana lafiya.