Shawarar minti ɗaya a asibitocin Jalingo

Da rani, idan zazzaɓi ya kawo mutum Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo, ma'aikaciyar jinya ce ke fara ganinsa, kuma ita ke fara yanke hukunci. Cizon sauro ne, ko Lassa? Taraba na cikin jihohin da cutar ke yawan ɓulla, kuma a kwanakin farko alamominta ba su da bambanci da na maleriya. Shi ya sa mai lura take tambaya: an sha maganin zazzaɓi bai sauka ba? Akwai ɓeraye a rumbu? Amsar ce ke sa ta sa safar hannu, ta keɓe majinyaci. A 1969, da aka gano cutar a garin Lassa na Borno, ma'aikatan jinya ne suka fara kamuwa.

A ɗakin haihuwa kuwa jini ne abin tsoro. Ido kan yaudari ungozoma, ta raina abin da ya zuba. Binciken E-MOTIVE na 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya, ya nuna cewa leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai jego, haɗe da gaggauta magani, ta rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin ɗari. Wannan leda ta cancanci shiga kowane asibitin ƙauye na Taraba.

Yaro ɗan shekara 2 mai tari kuma, ƙirga numfashinsa ake yi da agogo. Idan ya kai 40 a minti ɗaya, sai a yi zargin ciwon huhu.