Wikipedia ta Hausa da Masu Karatu da Kunne

A ƙasar Zazzau makanta ba ta saba raba mutum da ilmi ba. Malam Aliyu Namangi ya rasa ganinsa tun yana ƙaramin yaro, amma ya yi karatun addini da kunne, ya tsara Waƙar Imfiraji wadda har gobe ake rerawa, ake kuma nazarinta a jami'o'i. Tsarin karatun zaure ne ya ba shi wannan dama: malam ya biya, almajiri ya saurara, ya maimaita har ya haddace. Makaho da mai ido tabarma ɗaya suke hawa. Yanzu da ilmi ya koma cikin gilashin waya, wannan daidaito yana neman kuɓuce mana.

Ba mutane kaɗan ake magana a kansu ba. Binciken ƙasa kan makanta da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kimanin mutum miliyan 1.13 ke nan, yanar ido ce kan gaba wajen haddasawa, hawan jinin ido na biye mata. Ban da waɗanda ganinsu ya raunana, irin tsohon malamin firamare a Paki ko Kudan da jarida ta fara yi masa dishi-dishi. Rubutun makafi na ɗigo shida da Louis Braille ya wallafa a 1829 ya daɗe da shigowa Arewa, tun makarantar makafi ta Gindiri da aka buɗe a 1953, sai dai littafinsa akwai nauyi da tsada. Da aka buga kundin ilmin World Book da wannan rubutu a Amurka a 1961, sai da ya kai juzu'i 145. Ina makarantar ƙauyen da za ta iya ajiye wannan?

Waya ta sauƙaƙa abin ƙwarai. Wayoyin Android suna zuwa da manhajar TalkBack, iPhone kuma da VoiceOver, a kwamfuta ga NVDA wadda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka gina kyauta tun daga 2006. Makaho zai shafa yatsa a gilashi, murya ta faɗa masa abin da ya taɓa, ya ƙwanƙwasa sau biyu ya buɗe. Idan shafin an tsara shi da kanun sassa yadda ya kamata, sai ya riƙa tsallakawa daga kai zuwa kai har ya isa inda yake nema. Idan kuwa marubuci ya kaurara haruffa kawai ya kira shi kai, dole ya saurari komai daga farko. Hoto ma haka: in ba a rubuta masa bayani a ɓoye ba, muryar za ta ce "hoto" ko ta karanto sunan fayil, shi ke nan ƙofar fadar Sarkin Zazzau ta wuce shi bai san an nuna ta ba. Wannan gyara ba ya bukatar injiniya. Jimla ɗaya ce daga mai rubutu, kuma ina ganin ya dace masu sa kai a Wikipedia ta Hausa su ɗauke ta a matsayin sharaɗin kammala maƙala.

Babbar matsalarmu dai ita ce muryar kanta. Yawancin wayoyin da ke hannun mutane da muryar Turanci suke karanta Hausa. Ta zo kan ƙ ko ɗ ko ɓ sai ta yi tuntuɓe, ta haɗiye harafin ko ta kira shi da wani suna daban. Ga kuma rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Mai ido yana gane "fari" na launi da "fari" na rashin ruwa daga ma'anar jimla, na'ura kuwa sai an koya mata da dubban jimloli daga bakin Hausawa. A Suwidin, ƙungiyar Wikimedia ta ƙasar ta fara aikin Wikispeech a 2016 don shafi ya karanta kansa, da harsunan Suwidin da Ingilishi da Larabci. Mu ma muna da ƙofa: rumbun muryoyi na Common Voice na kamfanin Mozilla yana karɓar Hausa, kowa na iya naɗar jimla da wayarsa. Murya daga Ikara da Makarfi tana da amfani a nan, domin na'urar da ta ji karin gari ɗaya kawai, shi kaɗai za ta iya. Kafin a kai can, akwai hanyar da Wikipedia ta Ingilishi take bi tun 2005, wato mutum ya karanta maƙala da bakinsa a liƙa sautin a shafin. Al'ummar da ta girma da rediyo a kunne ba za ta rasa masu iya wannan ba.

Akwai wasu kuma da idonsu garau yake amma haruffa ke yi musu gardama. Disleksiya ake kiran larurar, sunan da likitan ido Bajamushe Rudolf Berlin ya raɗa mata a 1887. Yaron yana da kaifin basira in ana magana, amma haɗa harafi da sautinsa yana ba shi wahala. A ajujuwanmu irin wannan yaro daƙiƙi ake ce masa, wani lokaci har da bulala, kuma wannan zalunci ne da rashin sani ya jawo. Wani bincike da aka yi kan yaran Italiya da Faransa a 2012 ya nuna cewa ƙara tazara tsakanin haruffa kaɗai yana rage musu kuskure. Gajerun sakin layi, jimlar da ba ta yi tsawon igiyar guga ba, damar ƙara girman rubutu wadda Wikipedia ta samar, da sauti yana tafiya tare da rubutun, duk suna taimaka musu. Fassarar na'ura da ake zubawa ba gyara kuwa, mai lafiyar karatu ma tana wahalar da shi, balle su.

Ta fuskar doka an yi gaba. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Marrakesh a 2017, wadda ta halatta mayar da littattafai zuwa sigar da makafi za su iya amfani da ita, sannan a Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci. Wikipedia ma lasisinta a buɗe yake, ba a neman izini kafin a naɗe ta.

Abin da ya fi damuna shi ne a ɗauka makaho mai sauraro ne kawai. Shekara da shekaru, mai son buɗe asusu a Wikipedia sai ya kwafi wasu karkatattun haruffa daga cikin hoto, abin da makaho ba zai iya ba sai ya nemi mai ido. Ga shi kuwa tarihin sarautar Sarkin Makafi, da waƙoƙin bara, da yadda makafi suke tafiyar da unguwanninsu a Zariya da Kano, su ne suka fi kowa saninsa. Duk taron horar da marubutan Wikipedia da za a shirya a wannan yanki, a tanadi kwamfuta mai NVDA, a kuma aika musu da goron gayyata.