Idan Likitan Haƙori Ya Yi Ɓarna, Ina Za A Kai Kuka?

Ciwon haƙori ba ya barin mutum ya yi dogon tunani. Wanda ya kwana riƙe da muƙamuƙi, gari na wayewa duk ƙofar da ya ga an rataya hoton haƙori a kanta nan zai faɗa, ba ya tsayawa tambayar ko wane ne zai sa masa ƙarfe a baki. A Abuja kuwa irin waɗannan ƙofofi sun yawaita, tun daga Wuse da Garki har Kubwa da Nyanya. Akasarinsu aikin kirki suke yi. Amma akan sami inda za a cire lafiyayyen haƙori a bar mai ciwon, ko a karya saiwa a bar ta cikin dasashi ba a gaya wa mai ita ba, ko kuwa a karɓi kuɗin haƙorin roba a ba da wanda ba ya zama a baki. Da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa sukan ce ƙaddara ce, su haƙura. Doka kuwa ta tanadar musu ƙofofin kai kuka, sai dai kowace ƙofa da abin da ke bayanta, kuma wanda ya bugi wadda ba tasa ba yana iya ɓata shekara a banza.

Tun farko ya kamata a san cewa ba kowane mummunan sakamako ne sakaci ba. Kumburi da raɗaɗi na 'yan kwanaki bayan cire haƙori abu ne sananne, kuma saiwa tana iya karyewa ko a hannun gwani. Abin da doka take tambaya shi ne, shin likitan ya yi abin da ɗan'uwansa mai irin iliminsa zai yi in ya kula? Wannan tambaya kuwa likita ne kaɗai zai iya amsa ta. Saboda haka abin da majiyyaci zai fara yi shi ne ya je wurin wani likitan haƙori dabam, kamar na Babban Asibitin Ƙasa ko na Asibitin Koyarwa da ke Gwagwalada, a duba shi, a ɗauki hoton wurin, a rubuta abin da aka gani. Ya adana rasit da kati da takardar magani. In an cire haƙorin da ba shi ba ne, ya nemi a ba shi abinsa.

Daga nan sai ya koma inda aka yi aikin ya kai kukansa a rubuce. Wannan ba roƙo ba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba kowa ikon kai ƙorafi kan yadda aka yi masa a asibiti, a kuma bincika. Haka nan kundin haƙƙoƙin majiyyata da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar a Abuja a 2018 ya tabbatar wa majiyyaci ikon a yi masa bayani da harshen da yake ji, da ikon ganin bayanan jinyarsa. Tun a 2001 ma, a shari'ar Dokta Okonkwo, Kotun Ƙoli ta ce baligi mai hankali shi ke da ikon karɓar magani ko ƙin karɓa. Ashe ke nan likitan da ya cire haƙori ba da yardar mai shi ba yana da tambayar amsawa, ko da aikin ya yi kyau.

Idan asibiti ya yi kunnen uwar shegu, to, sai majiyyaci ya tambayi kansa abin da yake nema: a hori likitan, ko a biya shi diyya? A nan ne mutane suka fi ruɗewa.

Horo dai aikin Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya ne, wato MDCN, wadda dokar soja mai lamba 23 ta 1988 ta kafa, hedkwatarta kuma tana gundumar Kaura a Abuja. Ba a kai mata ƙara da baki ko da wasiƙa kawai. Sai mai ƙara ya je kotu ya yi takardar rantsuwa, ya faɗi sunan likita da wuri da rana da abin da ya auku. Kwamitin bincike zai aika wa likitan ya ba da amsa, shi ma bisa rantsuwa, sa'an nan a saurari kowa. In kwamiti ya ga akwai abin tuhuma sai ya miƙa maganar ga kotun ladabtarwa ta hukumar, wadda doka ta ce dole a sami likitocin haƙori cikin masu zamanta. Hukunci iri uku ne a hannunta: jan kunne, ko dakatarwa wadda ba ta wuce wata 6 ba, ko soke sunan likita daga rajista. Likitan da bai yarda ba yana da kwana 28 ya tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Mai karatu zai lura babu maganar kuɗi a ciki. Ko an soke sunan likita, kwabo ba ya shiga aljihun wanda aka cuta. Ga kuma jinkiri. Lokacin da aka rushe hukumomin gwamnati a 2015, sai a 2018 aka sake naɗa 'yan wannan hukuma, kotun ladabtarwa kuwa ba ta zama sai da su, ƙararraki suka yi ta taruwa. Duk da haka hukuncinta yana da amfani, domin samun likitan da zai tsaya a kotu ya ba da shaida kan ɗan'uwansa ba ƙaramin aiki ba ne.

Mai neman diyya Babbar Kotun Abuja zai nufa, ya nemi kuɗin gyara da na wahalar da ya sha. A nan akwai tarkon da ya kamata kowa ya sani. In asibitin gwamnati ne, akwai tsohuwar dokar kare ma'aikatan gwamnati wadda ta ba da wata 3 kacal a shigar da ƙara. Kotuna sun yarda da wasu togaciya, amma wanda ya zauna jiran kwamiti ya gama bincike kafin ya ga lauya yana iya tarar da an rufe ƙofa. Sau da yawa kuma kuɗin lauya ya fi kuɗin haƙorin. Don haka ga ƙaramar ɓarna sulhu ya fi, kuma tun 2003 Babbar Kotun tana da zauren sulhu inda ake sasanta irin wannan ba tare da doguwar shari'a ba. Wanda abin da ke tsakaninsa da asibitin kuɗi bai wuce a mayar masa da kuɗinsa ba yana iya zuwa Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC. Akwai kuma Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975, wadda ba ta karɓar ko sisi, amma ba ta taɓa maganar da ke gaban kotu, ko wadda ta haura wata 12.

Duk wannan kuwa in likita ne na gaskiya. Ba kowane mai farar riga a ɗakin haƙori ne likita ba. Mai ƙera haƙorin roba dabam, mai wanke haƙora dabam, kowanne da hukumar da ke yi masa rajista da iyakar aikinsa. Balle masu ciro "tsutsar haƙori" a bakin kasuwa, alhali ƙwayoyin cuta da zaƙi ne ke cin haƙori, ba tsutsa ba. Kotun ladabtarwa ba ta da iko kan wanda sunansa ba ya cikin rajista. Shi nasa laifi ne na 'yan sanda, wurin da yake aiki kuma kwamitin rajistar asibitocin kuɗi na sakatariyar lafiya ta Abuja shi ke da ikon rufe shi. Likitan gaskiya yana sabunta lasisinsa kowace shekara, kuma majiyyaci yana iya neman a nuna masa kafin ya buɗe baki.